Gusau Na Cika, Ƙauyuka Na Zama Kufai, Kuma Ba Wanda Ya Ƙirga

Duk mai neman gidan haya a Gusau bana ya san halin da ake ciki. Wasu na zagin masu gidaje, wasu na zagin dillalai. Nawa ganin, kafin mu gama zagi ya kamata mu duba yadda garin ya kai haka, don ba yau Gusau ta fara kumbura ba.

Asali ma ƙaura ce ta haifi garin. Tsohon birnin yankin nan shi ne 'Yandoto, garin malamai, wanda yau yake cikin ƙaramar hukumar Tsafe. Bayan rundunar Muhammadu Bello ta ci shi wajen 1806, jama'a suka watse. A wannan zamani ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau a bakin gulbi. Har yau sarautun na ɗauke da tarihin: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bungudu. Gida a lokacin tubali ne da azara, da zaure a gaba, rumbu a ciki, iyali guda tun daga kaka har jikoki a ƙofa ɗaya.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya wannan tsari. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka samu hanyar fita, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya masaƙa ta zo. Yarbawa da Ibo da ma'aikatan reluwe suka zauna Sabon Gari, baƙin Arewa suka cika Tudun Wada. Daga nan aka san ɗakin haya da rufin kwano. Abin lura shi ne, waɗanda suka shigo a wancan lokaci sun zo ne da abin sayarwa ko aikin yi, kuma ƙauyukan Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe su ke noma abin da jirgin ke ɗauka. Birni na girma, ƙauye na cin riba.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya cire Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka dawo gida babu ofis, babu kwatas. Gonakin bayan gari aka yanka su fuloti-fuloti, bulo ya kori tubali, zaure ya fara ɓacewa, get ya maye gurbinsa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum kusan 383,000, Tsafe 266,000, Bungudu 258,000, jihar gaba ɗaya kusan miliyan 3.3.

To, a nan matsalar take. Wannan ce ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Mu da ke aikin gwamnati mun san yadda ake yi: a ɗauko adadin 2006, a ƙara masa wani kaso a kowace shekara, a shafa wa kowane gari daidai wa daida, a ce ga yawan jama'a. Wannan lissafi ya ɗauka cewa mutumin Magami na nan Magami, na Wonaka na nan Wonaka, na Kunchin Kalgo da 'Yankuzo ba su motsa ba. Wallahi kowa ya san ba haka ba ne.

Tun wajen 2011 da ta'addancin 'yan bindiga ya fara ƙamari, tafiyar ta zama hawa-hawa. Mai rugga da ɗan ƙaramin ƙauye ya koma garin hakimi. Na garin hakimi, in ya ga ba dama, ya nufi cikin Tsafe ko Bungudu, bakin kwalta. Mai ɗan hali, wanda aka fi nema don kuɗin fansa, ya wuce Gusau kai tsaye. Mafi yawansu ba sansani suke zuwa ba. Gidan ɗan'uwa suke sauka, ko kango, ko shagon da ba a gama ba. Shi ya sa za ka ga gidan da aka gina don mutum goma yana ɗauke da talatin, masai ɗaya, rijiya ɗaya. A takarda kuwa gida ɗaya ne.

Garin ma ya tsallake iyakarsa. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ja gine-gine ta hanyar Zariya, har Sabon Gida da ke ƙasar Bungudu ya zama unguwar ɗalibai masu haya. A can ne aka sace ɗalibai a Satumban 2023, daga gidajen haya na wajen makaranta. Wurin ya yi yawan jama'ar birni, tsaronsa da hanyoyinsa suka tsaya a na ƙauye.

Bambancin wannan cikowa da ta zamanin reluwe shi ke tayar mini da hankali. Mai shigowa yau ya baro gonarsa da rumbunsa, ya zo yana sayen hatsin da da shi ke kawowa kasuwa. Gidan ƙasa kuma ba ya jiran mai shi: damina biyu ba yaɓe, soro ya rufta. Yaron da aka shigo da shi goye yanzu ya iya tuƙa babur, bai san iyakar gonar ubansa ba. Ko an samu zaman lafiya gobe, in sha Allahu za a samu, da yawa ba za su koma ba, kuma rigimar gonakin da aka bari tana nan tafe.

Jiha ba sai ta jira Abuja ba kafin ta san mutanenta. Masu unguwanni da dagatai da hakimai na nan, malaman firamare na nan, ma'aikatan rigakafin shan inna sun saba bin gida-gida suna rubutu da alli a bango. Da su za a iya sanin gida nawa ke Damba da Mareri da Tsunami, mutum nawa ke kwana ciki, da kuma ƙauye nawa a ƙasar Tsafe da Bungudu ba a kunna wuta cikinsa bana ba.