Tarihin Karatun Attaura Mako-Mako a Wurin Yahudawa, da Abin da Ya Shafe Mu a Ciki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da sauran Annabawa baki ɗaya.

Bayan haka, a karatun Sahihul Buhari da muke yi tsakanin Magariba da Lisha, mun iso hadisin Abu Huraira (RA) da yake ba da labarin cewa Ma'abota Littafi suna karanta Attaura da Ibrananci, sannan su fassara wa Musulmi da Larabci, sai Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai gaskata su, ya kuma hana su ƙaryata su. Wani ɗalibi ya yi tambaya: wane irin karatu ne wannan, kuma yaya suke yin sa? Lokaci bai bari mun amsa a majalisi ba, shi ya sa muka kawo amsar nan.

Kafin mu shiga, mu fara da inda muka tsaya. Mun yi imani Allah Ya saukar wa Annabi Musa (AS) Attaura, kuma malamanmu sun tafi a kan cewa abin da ke hannun Yahudawa yau bai kuɓuta daga canji ba, Alƙur'ani shi ne alƙali a kansa. Ibnu Kasir ya kasa labaran Bani Isra'ila gida uku: wanda shari'armu ta gaskata, wanda ta ƙaryata, da wanda ta yi shiru a kansa. Ko a kan ciro magana daga littattafansu an yi saɓani. Burhanuddin Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya ciro daga Attaura a tafsirinsa Nazmud Durar, Sakhawi ya yi masa raddi mai zafi, shi kuma ya rubuta littafi guda don kare kansa. Mu a nan ba hukunci za mu ɗauko ba, tarihi za mu duba. Mun kuma san zukata suna da ciwo saboda halin da 'yan uwanmu Falasɗinawa ke ciki, amma addini ya hana ƙin mutane ya sa mu bar adalci wajen ba da labarinsu.

Asalin karatun

A shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Bukhtanasar sarkin Babila ya rushe Baitil Maƙdis, ya kwashi Bani Isra'ila zuwa ƙasar Iraƙi ta yau. Da suka dawo, bakin da yawa daga cikinsu ya riga ya juya zuwa Aramiyanci, harshen kasuwa da mulki na wancan zamani. Littattafansu sun ce wani malami mai suna Ezra, wanda malamai da dama suke ganin shi ne Uzairu, ya tara jama'a maza da mata a fili, ya karanta musu Attaura tun hantsi bai ɗaga ba har rana ta take, wasu kuma suna bi suna yi wa mutane bayani. Shi suke jingina wa tsarin karatu ranar Litinin da Alhamis, ranakun da mutanen ƙauye ke shigowa kasuwa, ban da babban karatu na ranar Asabar. Hikimar da suka faɗa ita ce kada jama'a su yi kwana uku ba su ji Littafi ba.

A 1913 masu tonon kayan tarihi suka samu wani dutse a birnin Ƙudus mai rubutun Girkanci, daga ƙarni na farko na Miladiyya. Rubutun yana cewa wani mutum mai suna Tiyodotus ya gina majami'a domin karatun Attaura da koyar da dokoki. A shekara ta 70 Rumawa suka rushe Haikalinsu karo na biyu. Daga nan babu sauran wurin yanka hadaya, babu sarauta, jama'a suka watsu. Abin da ya rage musu su taru a kai shi ne karatun nan. A Madina ma suna da gidan karatu da ake kira Baitul Midras, wanda ya zo a Buhari cewa Annabi (SAW) ya je ya same su a can ya kira su zuwa Musulunci. Kalmar midras kuwa tushenta ɗaya da darasi da madarasa.

Mai jan baƙi da mai fassara

Ga inda abin zai ba ku mamaki. Littafin dokokinsu da ake kira Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, da sharhinsa Talmud, sun shimfiɗa ladubban karatun. Ana karantawa ne daga naɗaɗɗen littafi na fata, rubutun hannu, babu wasali. Sai an samu maza goma baligai. Ranar Asabar mutum bakwai ake kira ɗaya bayan ɗaya, Litinin da Alhamis mutum uku. Mai karatu ya ja aya guda ya tsaya, tafinta ya juya ta zuwa Aramiyanci, sannan a ja ta gaba. Mai karatu dole ya duba littafi, tafinta kuwa da ka zai faɗa, kuma ba a yarda mai karatu ya laƙƙana masa ba, don kada jama'a su ɗauka fassarar ma a cikin Attaura take. Wannan fassara suna ce mata Targum, mai yin ta kuma meturgeman, wato dai tarjama da tarjumani. Duk wanda ya taɓa zama tafsirin azumi, alaramma yana jan baƙi malam yana fassarawa da Hausa, ai ya ga hoton abin. Yahudawan da asalinsu Yaman ne har yau suna yin haka.

Ga kowane mutum a gidansa kuma, Talmud ya ce ya bi rabon makon sau biyu a nassi, sau ɗaya a fassara, domin ya gama tare da jama'a.

Shekara ɗaya ko uku

Ba su haɗu a kan tsari guda tun farko ba. Mutanen Sham sun kasa Attaura kashi fiye da 150, suna saukewa a kimanin shekara uku. Mutanen Iraƙi suka kasa ta 54, suna saukewa a shekara guda. Da yake shekararsu ta wata ce, amma suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19, idan makonni suka gaza sai a haɗa kashi biyu a Asabar guda. Wani matafiyi daga ƙasar Sifen, Binyaminu mutumin Tudela, ya isa Masar wajen 1170, ya tarar da majami'u biyu, ta Shamawa da ta Iraƙawa, kowace da tsarinta, amma ranar bikin sauka da ranar tuna saukar da Attaura sai su haɗu su yi ibada tare. Daga baya tsarin Iraƙi ya rinjaya. Ranar da aka sauke, a ranar ake komawa farkon littafi. Ta haka ɗan kasuwar da ya taso daga Fas ya sauka Bagadaza zai tarar ana karanta wurin da ya bari a gida.

Dokoki 613

A ƙarni na uku wani malaminsu mai suna Simlai ya ce dokokin Attaura 613 ne: hani 365, adadin kwanakin shekarar rana, da umarni 248, adadin gaɓoɓin jiki a lissafinsu. Ma'anar da suka ciro ita ce kowace rana tana da abin da za a bari, kowace gaɓa tana da aikin da za ta yi. Sai dai bai jera su ba, saboda haka malamai suka daɗe suna jayayya kan me zai shiga lissafi.

An yi aiki mai yawa na tsara su a ƙasashen Musulmi, kuma da Larabci. Sa'idu bin Yusuf Al-Fayyumi, haifaffen Masar, ya zama shugaban makarantar Sura ta Iraƙi a 928, ya rasu a 942. Da ya ga Aramiyanci shi ma ya kau daga bakin jama'a, sai ya fassara Attaura da Larabci, aka san fassarar da sunan Tafsir. Ibnun Nadim ya ambace shi a Fihirisa. A Yaman aka riƙa rubuta aya da Ibrananci, a bi ta da Aramiyanci, a bi ta da Larabcin Fayyumi.

Sai Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba, ya zauna a Fas, ya zama likita a fadar Ayyubawa a Masar, ya rasu a 1204. Ya rubuta Kitabul Fara'id da Larabci cikin haruffan Ibrananci, ya fara da ƙa'idoji 14 na yadda ake ƙidaya doka, sannan ya jera 613 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kafin shi, a ƙarni na 11 a Saraƙusɗa, Bahya bin Baƙuda ya lura mutanensa sun duƙufa kan farillan gaɓoɓi sun manta da na zuciya, irin su ikhlasi da tawakkali da tawali'u da tuba da yi wa kai hisabi. Ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub, kuma ya amfana sosai da maganganun masu zuhudu na Musulmi. Kun ga ke nan a wancan zamani daga wurinmu ake ɗiba.

Uban da ya rubuta wa ɗansa

Littafin da ya haɗa dokokin da karatun mako shi ne Sefer Ha-Hinnuk, wato Littafin Tarbiyya, daga ƙasar Sifen ta ƙarni na 13. Marubucin bai sa sunansa ba. Ya ce ya rubuta ne domin ɗansa da abokansa samari, su samu abin tattaunawa ranar Asabar maimakon yawo a titi. Sai ya bi rabon kowane mako, ya fitar da dokokin da ke ciki. Kowace doka ya yi mata tambaya huɗu: mece ce ita, mece ce hikimarta, yaya ake aiki da ita, kuma wa ta hau kansa, a wane wuri da wane lokaci. Tambaya ta huɗu tana da muhimmanci, domin dokoki da yawa sun rataya ne ga Haikali da hadaya, tun shekara ta 70 babu halin aiki da su.

Waɗanda suka rage, da yawansu na zaman yau da kullum ne. A biya ɗan ƙodago ladansa kafin rana ta faɗi. Kada a ajiye mudu biyu, babba na saye ƙarami na sayarwa. Manomi ya bar gefen gona ga talaka da baƙo. Wanda ya gina soro ya yi masa rawani don kada wani ya faɗo. Kada a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi gida ke ci. Kada a ɗaure bakin sa yana sussuka. A miƙe wa mai furfura. Akwai mako guda da ya ƙunshi dokoki irin waɗannan fiye da 70. Dokar da ta hana sa wa makaho abin tuntuɓe, malamansu sun faɗaɗa ta har ta shafi ba wa wanda bai sani ba shawarar da za ta cuce shi. Ɗalibin fiƙihu zai gane da yawa a ciki, tun daga tauye mudu har zuwa haƙƙin ma'aikaci da tsintuwa, domin Mai saukarwa ɗaya ne.

Mata ma ba a bar su ba. A ƙasar Folan aka rubuta Tsena Urena, bayanin rabon mako da harshen Yidish da ake yi a gida. Bugu mafi tsufa da ya rage na 1622 ne, kuma an yi ta sake buga shi, uwaye suna karanta wa 'ya'yansu ranar Asabar.

Mu kuma fa?

Jama'a, sau uku harshe yana canzawa a bakin mutanen nan cikin labarin da muka bayar, kuma kowane karo sun bar nassi yadda yake sun sake fassara. Mu dubi gidajenmu a nan Birkitari da sauran unguwannin Yawunde. Yaro ya yi izu goma a allo, karatunsa gwanin daɗi, amma ka tambaye shi ma'anar Lam Yakun ya yi shiru. Hausar da ake tafsiri da ita ta fara yi masa nauyi, Faransanci ya fi sauƙi a bakinsa. Tafsirin kansa kwana talatin ne, ranar salla a naɗe tabarmi sai baɗi. Misalin da Suratul Jumu'a ta buga, na jaki mai ɗauke da littattafai, a kan waɗanda aka ɗora wa Attaura ba su yi aiki da ita ba ya sauka, amma malaman tafsiri sun ce gargaɗi ne ga duk wanda ya haddace bai fahimta ba, bai aikata ba.

Ba mu bukatar aro, muna da namu tun asali. Ya zo a Abu Dawuda cewa sahabbai sun kasa Alƙur'ani kashi bakwai, abin da ya dace da kwanakin mako. Abu Abdurrahman As-Sulami ya ce waɗanda suka karantar da su ba sa wuce aya goma sai sun san abin da ke ciki na ilimi da aiki. Ibnu Mas'ud (RA) yana yi wa mutane wa'azi kowace Alhamis. Abin da ya ɓace mana shi ne dawwama.

Shawararmu ga kwamitin masallaci da malaman Islamiyya ita ce a tsayar da izu guda kowane mako, a sanar da shi ranar Juma'a, kowane gida ya san inda aka kwana. Izu sittin mako sittin ne, kimanin shekara guda da wata biyu an sauke. A ware dare ɗaya a ja baƙi a fassara da Hausa, a samu ɗalibi ya taƙaita da Faransanci saboda yara, a yi wa mata nasu zaman. A ƙarshen kowane zama a fitar da umarni ɗaya da hani ɗaya da za a riƙe a kasuwa da gida har mako ya zagayo. Mahaifin da ba zai iya fassara ba, ya iya tambayar ɗansa bayan cin tuwon dare: me aka ce mu yi, me aka ce mu bari?

Allah Ya sa Alƙur'ani ya zama hujja gare mu, kada ya zama hujja a kanmu. Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Ya yafe mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.