Nawa Ne Kuɗin Shekara Guda ta Lafiya?

A shekarar 1960 wani likita a birnin Seattle na Amurka, Belding Scribner, ya ƙirƙiro wani ɗan bututu da ake dasa wa mai ciwon ƙoda a hannu, ta yadda za a riƙa yi masa wankin ƙoda a kai a kai ba tare da jijiyoyinsa sun lalace ba. Kafin nan, wanda ƙodarsa ta daina aiki sai jiran ajali. Amma injinan 'yan kaɗan ne, masu buƙata kuwa sun yi yawa. Sai aka kafa kwamitin mutum 7, cikinsu har da lauya, malamin coci, ma'aikacin banki da wata matar aure, aka ɗora musu nauyin zaɓen wanda za a ɗora a kan inji. Suna duba shekarun mutum da yawan iyalinsa da irin aikinsa. Da mujallar Life ta bankaɗo labarin a 1962, hankalin jama'a ya tashi, domin kowa ya ga abin da asibitoci suka daɗe suna yi a ɓoye: idan kayan aiki ba su isa ba, dole a fifita wani a bar wani.

Daga irin wannan tsaka mai wuya aka samu fannin tattalin arzikin lafiya. A 1963 Kenneth Arrow, wanda ya ci kyautar Nobel a 1972, ya rubuta maƙalar da ake ɗauka a matsayin tubalin fannin. Hujjarsa ita ce magani ba kamar buhun gero ba ne da mai saye zai sa hannu ya duba ƙwayar kafin ya taya. Majinyaci bai san ranar da ciwo zai zo ba, bai kuma san ingancin abin da ake sayar masa ba, mai sayarwar ne ke gaya masa abin da yake buƙata. Don haka kasuwa ita kaɗai ba za ta iya raba lafiya ba.

To da wane ma'auni za a raba? A 1968 Herbert Klarman da abokan aikinsa suka kwatanta wankin ƙoda da dashen ƙoda, suka ce shekarar da mutum ya yi da ƙodar dashe ta fi wadda ya yi yana zaryar inji daraja da kashi ɗaya cikin huɗu. A 1976 Richard Zeckhauser da Donald Shepard suka raɗa wa ma'aunin sunan da ya bi shi, QALY. Lissafin mai sauƙi ne. Shekara guda cikin ƙoshin lafiya 1 ce, mutuwa 0. Wanda magani ya ƙara wa shekara 4 amma lafiyarsa rabi ce, ya samu 2. Sai a raba ƙarin kuɗin da aka kashe da ƙarin abin da aka samu.

A Ingila, a Jami'ar York, abin ya zama sana'a. An buɗe cibiyar tattalin arzikin lafiya a can a 1983 ƙarƙashin Alan Maynard, sannan a 1985 Alan Williams ya wallafa maƙala a mujallar likitocin Birtaniya inda ya jera tiyatar jijiyoyin zuciya da sauya ƙashin ƙugu da wankin ƙoda a teburi guda, kowanne da kuɗinsa. Likitoci da dama sun yi masa ca, wai ya sa wa rai farashi. Amsarsa, wadda a ganina har yau ba a karya ta ba, ita ce kuɗin da aka kashe a kan wannan majinyacin kuɗi ne da aka hana wancan, sai dai shi wancan ba a ganin fuskarsa.

Lissafin yana da nasa tuntuɓen. A 1990 jihar Oregon ta Amurka ta yi jerin cututtuka bisa wannan tsari, sai ga gyaran haƙori ya hau gaban tiyatar cire afendiks, aka yi ta dariya, aka sake zama. Amurka ba ta taɓa sakin jiki da ma'aunin ba. Ostireliya ce ta wajabta irin wannan lissafi na kuɗi da amfani a 1993 ga duk kamfanin da ke son gwamnati ta biya kuɗin maganinsa. Birtaniya ta kafa hukumar NICE a 1999, hukuncinta na farko kuma shi ne ƙin amincewa da maganin mura Relenza na kamfanin Glaxo Wellcome. Shekaru da dama mizaninta ya tsaya tsakanin fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowane QALY.

Daga nan guraben aiki suka buɗe. Gwajin magani kan ɗauki shekara biyu ko uku, hukuma kuwa tana son sanin abin da zai faru a shekara ashirin, sai a gina taswirar lissafi a kwamfuta. Mai aikin zai ƙaddara majinyata dubu, ya raba su gida-gida: masu sauƙi, waɗanda ciwo ya tsananta, waɗanda suka rasu. Kowace shekara wani kaso ya tashi daga wannan gida zuwa wancan, ana tara kuɗi da lafiyar da aka samu. Kamfani ya kawo tasa taswirar, malaman jami'o'i irin su York da Sheffield su warware ta layi-layi, suna neman inda aka yi wa magani kara.

Ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, rahoton Bankin Duniya na 1993 ya fito da ma'aunin DALY na Christopher Murray da Alan Lopez, mai ƙirga shekarun da cuta ta cinye. Bayanan zazzabin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara a ƙauyukan Garki, cikin Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, har yanzu ana gwada taswirorin wannan cuta da su.

Rigimar da ta rage ita ce ta mizanin NICE kansa. A 2015 Karl Claxton da tawagarsa a York suka ƙiyasta cewa asibitocin gwamnatin Ingila suna samar da QALY guda da kimanin fam 13,000. Idan haka ne, duk sabon maganin da aka karɓa a kan fam 30,000 ya ci lafiyar wasu fiye da wadda ya kawo.