Barista: Sunan da Injin Gahawa Ya Ɗaukaka

A shagunan gahawa na zamani, daga Landan zuwa Dubai, barista ake kiran mai haɗa gahawa. Kalmar Italiyanci ce, amma rabinta aro ne. "Bar" daga Ingilishi ta fito, ma'anarta kantar da ake tsayawa a gabanta a sha wani abu. Italiyawa suka liƙa mata "ista", ɗafin da suke yi wa sunan mai sana'a, kamar yadda muke cewa mai shayi. A Italiya, duk wanda ke bayan kanta barista ne, ko gahawa yake zubawa, ko lemo, ko giya.

Sunan ya bayyana ne a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Mussolini, wanda gwamnatinsa ta ɗaura ɗamarar yaƙi da baƙin kalmomi. Tun 1923 aka ɗora haraji a kan allunan shaguna masu ɗauke da su, a 1940 kuma aka haramta su. Kafin nan "barman" ake cewa, irin na Ingilishi. Barista ta maye gurbinta, gwamnatin ta faɗi ta bar ta.

Sai dai a ganina ba doka ce ta ba sunan nan daraja ba, aikin hannu ne. A 1901 Luigi Bezzera ya yi rajistar wani inji a birnin Milan, mai dafa gahawa da ƙarfin tururi, kofi ɗaya bayan ɗaya, yayin da mai saye ke tsaye. Akwai sauri, amma gahawar takan yi ƙauri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Achille Gaggia ya fito da inji mai mariƙi. Barista ya ja mariƙin ƙasa, ya sake shi, ruwan zafi ya ratsa garin gahawa da ƙarfi, sai ga kumfa ruwan ƙasa a saman kofi, wadda suke kira crema. Daga nan sana'ar ta koma ta gwanaye. In niƙan ya yi laushi da yawa, gahawa ta yi ɗaci. In ya yi tsaki-tsaki, ta fito salam. Ga danne garin daidai, ga lura da daƙiƙoƙi, ga kuma sanin abin da kowane ɗan unguwa ke sha tun kafin ya buɗe baki.

Wannan gwaninta ce ta burge Howard Schultz, ma'aikacin kamfanin Starbucks na Seattle a Amurka, da ya ziyarci Milan a 1983. A 1987 ya sayi kamfanin, ya baza shaguna irin na Italiya, ma'aikatan kuma aka riƙa kiransu barista. A bakin masu Ingilishi ma'anar ta tsuke, giya ta fita, gahawa kaɗai ta rage. A shekarar 2000 aka yi gasar barista ta duniya karo na farko a Monte Carlo, Robert Thoresen na ƙasar Norway ya lashe ta.