Daga musaffa zuwa wayar salula: taƙaitaccen tarihin hanyoyin ƙara wa malaman makaranta sani a yankin Gure

1. Gabatarwa

Garin Gure yana kan hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram. Shi ne tsohon mazaunin sarakunan Muniyo, inda Heinrich Barth ya sauka a 1852. Yanki ne na tuddan rairayi da kwaruruka, ƙauyuka nesa da juna, inda ake jin kanuranci da hausa da fillanci da tubanci. Malamin da aka tura irin wannan wuri yakan daɗe bai ga mai duba aikinsa ba. A cikin wannan ƙasida za mu bi diddigin hanyoyin da aka bi don ƙara wa irin wannan malami sani, muna yi wa kowace hanya tambayoyi biyu: da wane harshe take magana, kuma shin malami yana iya mayar da magana ta cikinta?

2. Kafin zuwan lakwal

Tun kafin mulkin mallaka, malaman allo na ƙasar Barno da Damagaram suna da nasu tsari. Gardi yakan bar garinsu ya tafi tsangayar wani gwani don a gyara masa tilawa. Mahaddata kuma sukan zauna musaffa, kowa ya karanta nasa kashi, sauran suna saurare suna gyara masa. Abin lura a nan shi ne, wanda ya riga ya zama malami bai fi ƙarfin gyara ba, kuma gyaran daga bakin takwarorinsa yake fitowa. Makarantar Faransa ta zo da wani tsari dabam: umarni daga sama cikin faransanci, da sufeto mai kewaya makarantu yana ba da maki.

3. Zamanin rediyo da talabijin

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta yi gwaje-gwaje biyu da suka yi suna. Na farko shi ne ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, waɗanda aka kafa a 1962. Da yawa daga cikin jagororinsu malaman makaranta ne. Sukan tara mutane a saurari shiri cikin harsunan ƙasa, a tattauna, sannan a naɗi ra'ayoyin jama'a a aika Yamai. Ba don horon malamai aka yi su ba, amma sun nuna cewa magana tana iya tashi daga ƙauye ta isa babban birni.

Na biyu shi ne talabijin na makaranta, wanda aka fara a Yamai a 1964, aka faɗaɗa shi zuwa aji 20 a 1966. Darussan cikin faransanci suke, masu riƙe da ajin kuma matasa ne da aka ba gajeren horo. Shirin bai yi nisa da yammacin ƙasa ba, har aka kawo ƙarshensa a ƙarshen shekarun 1970. Malamin Gure labarinsa kawai ya ji.

4. Makarantun gwaji da tarukan malamai

A 1966 taron UNESCO na Bamako ya tsara haruffan rubuta hausa da kanuranci da fillanci da wasu harsunan Afirka ta yamma. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa da faransanci a Damagaram, a 1974 kuma aka kafa cibiyar INDRAP mai shirya littattafai da tarukan ƙara wa juna sani. Daga baya gwajin ya haɗa da kanuranci da sauran manyan harsuna. Sai dai makarantun ba su da yawa, saboda haka malaman da suka iya rubuta harshensu bisa ƙa'ida sun kasance ƴan kaɗan.

Tsarin da ya fi kusa da musaffa shi ne CAPED, inda malaman makarantun da ke maƙwabtaka suke haɗuwa, ɗaya ya gabatar da darasi, sauran su yi masa gyara. Amma taro yana bukatar kuɗin mota da na abinci, kuma a ƙasa mai rairayi kilomita 30 tafiya ce babba.

Bukatar horon ta ƙaru daga 1998, shekarar da aka kafa dokar tsarin ilimi, aka kuma fara ɗaukar malaman sa-kai. Shirin shekaru goma na 2003 ya yawaita ajujuwa da malaman kwantaragi, da yawansu ba su bi ta makarantar horon malamai ba. A jarrabawar da gwamnati ta yi musu a 2017, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki.

5. Zamanin salula da intanet

Intanet ta shigo Yamai a ƙarshen shekarun 1990, wayar salula ta fara yaɗuwa daga 2001. A 2009 aka fara shirin ABC a jihohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci rubuta saƙo a waya. Binciken Jenny Aker da abokan aikinta ya nuna sun fi waɗanda ba a koya wa ba samun maki. Wani bincike da ya biyo baya a Maraɗi da Damagaram ya nuna cewa kiran malamin yaƙi da jahilci a waya kowane mako, a tambaye shi yadda aji yake tafiya, ya ƙara wa ɗalibansa ƙwazo.

Shirin IFADEM na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci, wanda ya samo asali daga taron Bukares na 2006, ya horar da malamai daga nesa a Nijar, ya fara da jihohin Maraɗi da Tilaberi. Ko da yake an sa kwamfuta a ciki, ƙarfinsa yana ga littattafan da aka buga da masu jagora da ke haɗuwa da malamai, kuma babban burinsa gyara faransancin malami ne.

Abin da malamai suka ƙirƙiro da kansu shi ne zaurukan WhatsApp, inda suke musayar hotunan shirin darasi da saƙon murya. Ga masanin harshe, saƙon murya yana da fuska biyu. Ya ba malami damar tambaya da harshen da ya fi sakewa a ciki, ya kuma sami amsa daga takwaransa a ranar. Amma ya kauce wa rubutu: haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, da harafin ǝ na kanuranci, ba kowa ya san inda zai same su a wayarsa ba. Sannan babu mai tace abin da ake yaɗawa, kuskuren mutum ɗaya yakan shiga aji goma.

6. Kammalawa

A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci, sabon kundin ƙasa kuma ya mai da hausa harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki. Idan wannan mataki ya isa aji, malamin da aka horar da faransanci zai koyar da hausa a gaban yaran da wasunsu kanuranci ko tubanci suka tashi da shi. Tarihin da muka bi ya nuna cewa hanyoyin da suka kama ƙasa su ne waɗanda malami yake iya tambaya a amsa masa. Don haka muna ganin aiki uku a gaban sashenmu: tattara kalmomin nahawu da lissafi cikin hausa da kanuranci a ƙaramin ƙamus da zai shiga waya, koya wa malamai sa haruffan harsunansu a wayoyinsu, da tura ɗalibanmu masu neman babban digiri su halarci tarukan CAPED na Gure da Kelle da Gidigir, su rubuto mana tambayoyin da malamai suke yi, da harshen da suke yin su.