Dogayen Ƙasar Kwari

Tsawo ko tsayi? Bahaushe yana amfani da duka biyun, amma ba ko'ina suke musanya wuri ba. Igiya tana da tsawo, hanya ma haka, har lokaci: tsawon shekara uku. Tsayi kuwa, kunne yana jiyo "tsaya" a cikinsa, ya fi zama daram a kan abin da ya miƙe, mutum ko hasumiya. A asibiti ma sai an ce ka tuɓe takalmi, ka jingina da bango, ka tsaya cak, sannan a sauke katako a tsakar kanka a karanta lamba.

Da wane ma'auni? A Kano a ce ƙafa biyar da inci takwas, a Maraɗi a ce santimita 173, alhali mutum ɗaya ake nufi. Ƙafa fassara ce daga Ingilishi. Inci aro ne, kuma Ingilishin ma aro ya yi daga Latin, uncia, wato kashi ɗaya cikin 12. Mita daga Faransa ta taso, tushenta kalmar Girkanci metron, awo. Namu na gado su ne taƙi da kamu da gaba, duk a jikin mai awo suke, shi ya sa kamun dogo ba ya zuwa ɗaya da na gajere.

Dogayen duniya a Holan suke. Sunan ma abin dubawa ne: Holan larduna biyu ne kacal cikin 12. Masu ƙasar Nederland suke cewa, ƙasar kwari, Faransawa suka fassara shi Pays-Bas. A 2020 hukumar ƙididdigarsu ta samu saurayi ɗan shekara 19 yana kai kusan santimita 183, budurwa 169. A tsakiyar ƙarni na 19 kuwa suna cikin gajerun Turai. Gado yana da nasa rabo, amma madara da cuku da tsaftataccen ruwa da kula da lafiyar yara ne suka ba gadon damar fitowa.

Sai dai wannan 183 ɗin na wa ne? Mutanen Friesland da Groningen a arewa sun ɗara na Limburg a kudu da kusan santimita 3, kaurin yatsu biyu, a ƙasar da mota ke ratsawa cikin 'yan sa'o'i.

Nan kalmar matsakaici take shigowa, jikar tsaka. Aiki biyu muka ɗora mata. A bakin mai kwatance, mutum ne da ba dogo ba, ba gajere ba. A bakin mai lissafi, lamba ce da aka samu bayan an tara an raba, dabarar da Adolphe Quetelet ɗan Beljiyam ya ɗora a kan jikin ɗan Adam a 1835, ya kira abin l'homme moyen. Na farko ido ne ke yanke shi, kuma ido da unguwarsu yake awo: gajeren Limburg in ya shiga kasuwar Kurmi, Dogo za a kira shi.

A ɓangaren gajarta ne Hausa ta fi tsefewa. Gajere halittarsa ce. Wada, da jan wasalin farko, daban yake da wada ta wadata. Tsumburarre kuwa labari ne a dunƙule: an so a girma, wani abu ya tare. Wannan kalmar ce likitoci suke nufi idan tamowa da yawan gudawa suka danne yaro a kwanaki 1,000 na farkon rayuwa, tsayin da ya kuɓuce a lokacin kuma da wuya ya dawo duka. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya samu tsumburewa a kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma, a Kudu maso Gabas kuwa kashi 18.