Daga Dokin Yumɓu Zuwa Sojan Dalma: Tarihin Wasan Ƙananan Dakaru

Yaron da ya tashi a Uba ko ƙauyukan Mubi ya san yadda ake ɗebo yumɓu a bakin rafi a gina doki da mahayinsa, a shanya, sannan a jera su a ce yaƙi ya tashi. A wasu ƙasashe wannan wasa ya girma tare da masu yinsa, har dattawa na tara ƙananan sojoji na dalma, suna yi musu fenti, suna kafsa yaƙi da su a kan tebur.

Abin ya daɗe, kuma tsofaffin misalansa a Afirka suke. A garin Asyut na Masar, cikin kabarin wani hakimi mai suna Mesehti, an tono rundunoni biyu na katako masu shekara wajen 4,000: 'yan mashi 40 Misirawa da 'yan baka 40 Nubiyawa, kowanne da fentinsa. Suna gidan tarihi a Alƙahira.

Sojan wasa na zamani kuwa a Jamus aka fara zubinsa, a ƙarni na 18, inda maƙeran Nuremberg suka shahara da sojojin kuza masu faɗi kamar kwabo. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba dalma a bar cikinta holoƙo. Dalma ta ragu, farashi ya sauko, soja ya shiga gidan talaka.

Dokokin wasan daga bariki suka fito. A 1824 wani hafsan Furushiya, Reisswitz, ya gyara wasan da mahaifinsa ya ƙirƙiro, ya nuna wa manyansa yadda za a koyar da dabarun yaƙi a kan taswira. Bayan Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870, sauran ƙasashe suka kwaikaya. Wanda ya haɗa dokoki da sojan dalma domin farar hula shi ne marubuci H. G. Wells, a littafinsa Little Wars na 1913.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai hankali ya koma kan daulolin da. A Ingila, Tony Bath ya kafa ƙungiyar Society of Ancients a 1965, masu wasa suka shiga neman sanin yadda garkuwar Rumawa take da launin rigar Farisawa. A nan fenti ya zama ilimi. Mutum zai ɗauki soja mai tsawon milimita 25, ya kankare gefen zubi, ya shafa farin fenti, sannan ya bi da siririn buroshi ya fitar da ɗamara, da gemu, da zanen garkuwa. Kafin ya taɓa launi sai ya karanta tarihi, don abokan wasa ba sa yafe kuskuren tufafi.

Sannan almara ta shigo. Littattafan marubuci Tolkien sun sa matasa son dodanni da matsafa, kuma a 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka buga dokokin Chainmail a Amurka, da sashe na musamman domin irin waɗannan halittu. Daga nan aka haifi wasan Dungeons & Dragons a 1974, sai Warhammer na kamfanin Games Workshop a 1983.

Da roba ta mamaye kasuwa, kuma aka gane illar dalma ga lafiyar yara, kamfanin Britain ya daina tsohon zubinsa a 1966. Abin da aka daina yi shi ke tsada, don haka tsofaffin sojoji suka zama kayan ajiya, musamman masu kwalinsu na asali. Attajirin Amurka Malcolm Forbes ya tara sama da 100,000 a gidansa na Tanja, ƙasar Maroko.

Mu ma muna ciki, ko da ba mu sani ba. Cikin jerin rundunonin da masu wasan ke bi akwai na Mali da Songhai da Borno, kuma barde mai lifidi da sulke da kwalkwali yana burge su ƙwarai. Gwanintar zubi kuma ba baƙuwa ba ce a yankinmu: maƙeran Kapsiki a duwatsun Mandara suna zuba tagulla da kakin zuma, Kotoko na bakin Tafkin Cadi kuwa sun shahara da ƙananan mahayan dawaki na ƙarfe.

Tutar da Modibbo Adama ya karɓa a 1809, da baraden Borno, da faɗan Rabe da Faransawa a Kuseri a 1900, duk tarihi ne da ɗalibi zai fi ganewa idan an jera masa shi a kan tebur. Ina kira ga malaman tarihi na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, da maƙeranmu da masu zanenmu, su haɗa hannu su ƙera dakarun ƙasarmu da kansu, domin babu wanda ya fi mu sanin yadda ake naɗa rawani da ɗaura lifidi.