Kifin ado: Dangin karfasa da ake fitarwa daga Nijeriya zuwa ƙetare

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a hannun masuntan madatsar ruwa ta Jibiya, kusa da iyakar Nijar, ya san karfasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, karfasa tana da ƙananan dangi waɗanda ba a kama su domin miya, sai domin ado. Ana ajiye su cikin akwatin gilashi a gidaje da ofisoshi a Turai da Amurka da Asiya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fito.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Pelvicachromis pulcher, wanda masanin dabbobi George Boulenger ya bayyana a 1901. Asalinsa ƙoramun kudancin Nijeriya ne da gaɓar Kamaru. Tsawon namijin kamar santimita 10 ne, macen kuwa ba ta kai shi ba, amma ta fi shi kyau, domin cikinta yakan yi jawur idan lokacin ƙwai ya yi. Takan liƙa ƙwan a rufin wani ɗan kogo, sannan uwa da uba su yi gadin 'ya'yan tare. Takwarorinsa na Kudancin Amurka, dangin Apistogramma, daga yankin kogin Amazon ake samun akasarinsu.

Ƙasar Hausa ma tana da nata kason. A 1928 Bajamushe Ernst Ahl ya raɗa wa wani ɗan kifi suna kiyawensis, saboda kogin Kiyawa da ke kusa da Katagum. Wannan ba dangin karfasa ba ne: a kududdufin damina yake rayuwa, idan ruwa ya ƙafe ya mutu, ƙwansa ya zauna cikin laka har ruwan baɗi. Haka nan kurungu da minjirya suna da masu sha'awarsu a ƙetare.

Da ƙananan komaye ake kama irin waɗannan kifaye. Sai a hana su abinci na kwana ɗaya ko biyu don kada su ɓata ruwansu a hanya, a zuba su cikin leda mai ruwa kaɗan da iskar oksijin, a ɗora su a jirgin sama, galibi daga Legas. Ketare iyaka da kifi mai rai, ta sama ko ta ƙasa, yana buƙatar takardar lafiya daga hukumar NAQS mai kula da killace dabbobi da tsirrai.

Mai son kiwonsu a Katsina ko Maraɗi ya tanadi akwati mai cin lita 80 domin namiji da mace, da yashi mai laushi, da 'yar tukunyar ƙasa a kife ta zama kogo. Ruwan famfo sai ya kwana biyu a buɗe sinadarin kulorin ya fita, kuma a riƙa sauya rubu'in ruwan kowane mako. Babbar matsala a nan yanayi ce: kifin yana son ɗumi tsakanin digiri 24 da 27, alhali daren hunturu kan sauka ƙasa da 15, ranar bazara kuma ta haura 40. Don haka a nisanta akwatin daga taga, a kuma yi tanadin ɗaukewar wuta.

Ya fi kyau a sayi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gida, domin sun fi juriya, kuma hakan na rage kwasar na ƙorama. Wanda ya gaji da kiwo kada ya juye kifinsa a rafi. Ruwan Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi, kuma baƙon kifi ko cutar da ya zo da ita ba sa tsayawa a shingen kwastam.